Kundin aikin ciro rubutu daga tsofaffin takardun manoman shinkafa a Argungu

Litinin, 6 ga Janairu 2025

An gama tantance akwatin. Takardun na wata tsohuwar ƙungiyar manoman shinkafa ne a fadamar Argungu, kuma buƙatar shugabanninta ita ce a mayar da su rubutun kwamfuta da za a iya gyarawa, a kwafa, a nemo suna ko kalma ba sai an zazzage akwati ba. Ɗaukar hoto kaɗai ba ya biyan wannan buƙata. A wurin kwamfuta hoto tarin ɗigo ne kawai, ba ta san da harafi a ciki ba sai an sa manhajar gano haruffa, wadda ake kira OCR, ta karanta shi.

Shafi 640 ne gaba ɗaya, kashi biyar. Bayanan taro da aka buga da tafireta shafi 310. Kwafin kabon a siririyar takarda 120. Sanarwoyin da aka gurza da sitansil 85. Ƙananan littattafan koyar da noma guda uku, bugun maɗaba'a, shafi 70. Sauran 55 ɗin rubutun hannu ne: littafin bashin taki da wasiƙun ajami. An raba su ne saboda kowane kashi da irin ciwon kansa, saitin da ya yi wa ɗaya daidai ɓata ɗaya yake yi.

Da yawa ba su da kwanan wata, amma takardun da kansu suna tona shekarunsu. Wadda aka rubuta kuɗi a cikinta da fam da sule ta girmi Janairu 1973, lokacin da naira ta shigo. Mai ɗauke da sunan Jihar Arewa maso Yamma tsakanin 1967 da 1976 take, mai Jihar Sakkwato daga 1976, mai Jihar Kebbi kuma ba ta wuce 27 ga Agusta 1991 baya ba. Da wannan aka jera su, aka kuma sa wa kowane shafi lamba da fensir a kusurwar baya. Sunan fayil ya bi lambar, misali taro_1984_007, babu tazara, babu harafi mai ƙugiya, don wasu manhajoji na tuntuɓe da su.

Litinin, 13 ga Janairu

Sikanin ya fara. Ma'aunin da aka tsayar: ɗigo 300 a kowane inci, launin toka-toka, a adana a PNG. A wannan ma'auni takardar A4 tana fitowa ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, kusan megabait 8.7 kafin a matse ta. Ƙasa da 300 haruffan tafireta suna fara haɗewa. Sama da haka sai a ƙananan rubutun ƙasan shafi na littattafan, inda aka ɗaga zuwa 400. Abin lura ba lambar sikana ba ce, tsawon harafin ne: idan ƙaramin harafi irin a ko n bai kai ɗigo 10 a tsaye ba, karatun ya lalace, a wajen 20 kuwa lafiya lau. An guji JPEG domin matsewarsa na barin dishi-dishi a gefen harafi, ga shi ƙugiyar ƙ da ɗ ba ta fi ɗigo kaɗan ba.

An bar zaɓin baƙi da fari na sikana. Abin da injin ya yanke ya zubar a lokacin sikanin ba ya dawowa, amma daga toka-toka ana iya gwada hanyar tacewa goma.

Matsala ta farko girman takarda ce. Yawancin bayanan taron a kan doguwar takardar ofis ta dā suke, inci 8 da 13, gilashin sikana kuwa na A4 ne, bai kai inci 12 ba. Layi biyar ko shida na ƙasa suna yankewa, kuma nan ne sa hannu da kwanan wata suke. Maimakon a yi wa kowane shafi sikanin biyu a dinga haɗawa, an koma ga waya. Kyamara mai ɗigo 4,000 da 3,000, idan takardar ta cika hoton, tana ba da sama da ɗigo 300 kaɗan a inci, wato daidai da sikana. An ɗaure wayar a jikin katako a saman tebur, fuskarta a miƙe da takardar, fitila biyu dama da hagu a karkace don kada haske ya dawo cikin ido. Ba a kunna filashin waya. Ana sa jinkirin daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, saboda taɓa allon kaɗai na girgiza hoto.

Kwafin kabon siriri ne, rubutun baya na leƙowa gaba. Maganinsa baƙin kwali a bayan takardar: shi ke shanye hasken da ke ratsawa. Farin murfin sikana ƙara fito da rubutun bayan yake yi.

Sai ƙurar hunturu. Ƙwayar ƙura ɗaya a gilashi tana zama ɗigo a wuri guda a shafi arba'in, injin kuma ya karanta ta a matsayin aya ko waƙafi. Yanzu ana goge gilashin da tsumma mai laushi bayan kowane shafi goma. Tsatsattsun filolin sitefula ana buɗe su ta baya da bakin wuƙa, ba a fizga.

Alhamis, 16 ga Janairu

Shafi 38 da aka ɗauko daga reshen Gulma sai an sake. An turo su ta WhatsApp a matsayin hoto, shi kuwa yana rage girman hoto zuwa wajen ɗigo 1,600 a dogon gefe don sauƙin data. A takarda mai inci 13 wannan bai wuce ɗigo 123 a inci ba. A allon waya tas yake, ido na karantawa, injin ne ba ya iyawa. Daga yau duk hoton da za a turo a turo shi a matsayin fayil, ko a kawo a filashi.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin farko da injin OCR mai suna Tesseract, fitowa ta 5.3.4, wanda ke zuwa da tsarin kwamfuta na Ubuntu 24.04. An zaɓe shi don kyauta ne, yana aiki ba intanet, kuma ana iya koya masa sababbin haruffa. Tsohon inji ne: kamfanin HP ya fara shi a shekarun 1980, aka sake shi ga kowa a 2005, daga fitowa ta 4 a 2018 ya koma karanta layi sukutum maimakon harafi ɗaya-ɗaya. Yana da kundin harsuna sama da 100, har da Yarbanci da Suwahili da Larabci, amma babu Hausa. Don haka da na Ingilishi aka fara:

tesseract taro_1984_007.png taro_1984_007 -l eng --psm 4 --dpi 300 txt tsv

Lambar psm ita ke gaya masa yadda shafin yake. Ta 3, wadda yake ɗauka da kansa, tana neman ginshiƙai ko da babu su, sai ta raba jerin sunayen mahalarta daga garuruwansu, sunaye a sama garuruwa a ƙasa. Ta 4, ginshiƙi ɗaya mai haruffa mabambanta girma, ta fi dacewa da bayanan taro. Ta 6 ta yi kyau a littattafan idan an riga an yanke kan shafi da lambarsa.

Don a san inda aka tsaya, an buga shafi 20 da hannu, huɗu-huɗu daga kowane kashi banda rubutun hannu, da ƙarin huɗu daga tafireta, aka ajiye su gefe a matsayin ma'auni. Ba za su taɓa shiga horo ba, wato cikin layukan da za a koya wa injin Hausa da su. Lissafin kuskure shi ne: haruffan da aka musanya, da waɗanda suka ɓace, da waɗanda aka ƙaro, a raba da jimillar haruffan shafin. A kula da yaudarar wannan lissafi. Shafi mai harafi 2,000 da aka karanta daidai kashi 98 cikin 100 yana ɗauke da kuskure 40, kusan ɗaya a kowane layi.

A ma'aunin namu littattafan sun ba da kuskure 6 cikin 100, tafireta 9, sitansil 15, kabon ya haura 20. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kundin Ingilishi ba shi da ɓ, ɗ, ƙ a jerin haruffansa sam, abin da babu shi a jerin kuwa ba zai taɓa fitowa ba ko hoton ya kai madubi kyau. Sai ya laluba mafi kusa: ƙ ta zama k ko R, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b ko 6. Da 6 da R da sauƙi, ido na kama su. Wanda ya fi haɗari shi ne k da d, domin kalmar tana fitowa kamar lafiyayya. Ƙara ta koma kara, baƙi ya koma baki, saƙa ta koma saka. A bayanin taron da aka ce a ƙara wa kowane manomi, sai ga shi ana batun kara.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mako guda a kan gyaran hoto, kuma ya biya. An bi da shafukan ta manhajar ScanTailor don daidaita karkata, yanke gefe, da miƙe layukan da suka lanƙwashe kusa da ɗinkin littafi. Karkatar digiri biyu kacal ta isa ta sa ƙarshen wani layi ya shiga farkon na ƙasa da shi. Bayan yankewa ana mayar da farin gefe na ɗigo 10 zuwa 20, domin idan harafi ya manne da bakin hoto injin na tsallake shi.

Kafin Tesseract ya karanta, yana mayar da hoton baƙi da fari da kansa. Hanyarsa ta asali, ta Otsu, mizani ɗaya take yanke wa shafi duka. Takardar da ruwan damina ya taɓa gefenta ta yi ja, sai wannan gefen ya koma baƙi ƙirin, rubutun ya nutse. Daga fitowa ta 5 akwai hanyar Sauvola, mai auna kowane yanki da maƙwabtansa:

-c thresholding_method=2

Da ita kabon ya sauko daga sama da 20 zuwa 12. Tana da lamba mai suna thresholding_kfactor, wadda take 0.34 tun asali. Rage ta zuwa 0.2 ya fito da haruffan da ribin tafireta ya bushe a kansu, amma a sitansil ƙazanta ya ƙaro, don haka a can an bar ta yadda take.

Garin neman gira an so a rasa ido wajen share ɗige-ɗige. ScanTailor na da matakai na share ƙananan tabo, da aka sa mafi ƙarfi shafin ya yi fes, ashe ya kwashe ɗigon i, da alamar ɗauri ta 'ya'ya da jama'a, da ƙugiyoyin da suka rabu da jikin harafi saboda tawada ba ta kama ba. A rubutun Hausa ƙaramin tabo ma harafi ne. An mayar da shi mataki mafi sauƙi, a kabon kuma an kashe shi ɗungurum.

Hatimin ƙungiya mai shuɗiyar tawada ya hau kan rubutu a shafuka 47. Waɗannan an sake ɗaukar su da launi, aka ware zubin shuɗi kaɗai, ɗaya daga zubi uku na hoto mai launi (ja, kore, shuɗi), da manhajar ImageMagick:

convert shafi.png -channel B -separate fita.png

A zubin shuɗi, shuɗiyar tawada fari-fari take fitowa, baƙin rubutu kuma yana nan baƙi. Jan biro da zubin ja ake kawar da shi. Hoton asali mai hatimi yana nan a ajiye, ba a taɓa shi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Shirin koya masa Hausa. Ba daga tushe za a fara ba, wannan na bukatar layi dubu ɗaruruwa. Za a ɗauki kundin Ingilishi a ɗora masa sababbin haruffa. Dole ya zama na rukunin tessdata_best, na tessdata_fast an matse lambobinsa, ba ya karɓar ƙarin horo. Kayan aikin tesstrain ne, abin da yake ci kuma layi-layi ne: hoton layi ɗaya, da fayil mai suna iri ɗaya da ya ƙare da .gt.txt ɗauke da ainihin rubutun layin. Ba sai an yanka da hannu ba. Fayil ɗin tsv, jadawalin sakamako da Tesseract ya fitar a gwajin farko, yana da iyakokin kowane layi a mataki na 4, da su aka yanka.

Mutum huɗu sun buga layi 1,500 daga takardun. An ƙara layi 3,000 na roba da text2image, mai mayar da rubutu hoto, ya zana da salon haruffan Charis SIL da Andika da Noto Serif. A tabbata salon yana da ƙugiyoyin kafin a ba shi, domin text2image na cire duk kalmar da salon bai iya zanawa ba, sai a wayi gari an yi horo da layukan da babu ƙ ko ɗaya. Manyan baƙaƙe sun buƙaci kulawa ta daban: Ƙ da Ɗ suna samuwa a farkon jimla da sunayen mutane irin Ɗanladi, amma Ɓ sai an tona. An tsara layi 200 da gangan masu farawa da Ɓarawo, Ɓera, Ɓaure, Ɓarna.

Kafin a tayar da horo an jera duk haruffan da ke cikin fayilolin da yawan kowanne. Nan aka kama ɖ mai wutsiya a ƙasa sau 31 da đ mai sanda sau 9, daga madannin waya. A ƙaramin allo kama suke yi da ɗ, amma lambarsu ta Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, daban. Namu su ne ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, manyansu Ɓ U+0181, Ɗ U+018A, Ƙ U+0198. Ƴ mai ƙugiya rubutun Nijar ne, a nan 'y ake rubutawa, kuma haka take a takardun, ko da yake iyaka ba nisa.

make training MODEL_NAME=hau START_MODEL=eng MAX_ITERATIONS=10000

Kashi 90 cikin 100 na layukan horo, 10 jarrabawa. Ba ya buƙatar katin hoto, laftof ta isa, cikin 'yan awanni. Ko an ɗauke wuta yana ci gaba daga inda ya ajiye.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Horon farko ya fito, an kuma soke shi.

A littattafan ya yi abin yabo, ƙugiyoyi sun fito a wurarensu. A tafireta ne ya shiga ƙirƙira. Wani bayanin taro na 1982 ya ce wakilai sun je fada, wato fadar Sarki, kan batun rabon fadama. Sabon kundin ya rubuta sun je faɗa. An faɗaɗa hoton layin har ɗigo ya fito ɓaro-ɓaro: d ce miƙaƙƙiya, babu ko alamar lanƙwasa. A wani shafin baki ɗaya ya zama baƙi ɗaya. An gudu ba a tsira ba: dā yana cire ƙugiyar da ke akwai, yanzu yana sa wadda babu.

Laifin ba na injin ba ne, daga layukan horo ya fito. Tafiretocin da aka yi amfani da su kafin ƙarshen shekarun 1980 na Ingilishi ne, ba su da baƙaƙen Hausa, kuma masu bugawa hanya uku suka bi. Wani ya buga k, d, b kawai ya bar mai karatu ya gane. Wani ya bi bayan bugu da biro yana lanƙwasa kan harafin. Wani kuma ya haɗa da alamar ɗauri, k'asa, 'daki, 'bera. Tsohon sakataren ƙungiyar, da aka kai masa shafukan, ya nuna cewa biron ma ba kullum ba ne, sai takardar da za ta fita waje, ta cikin gida ba a wahala da ita. Su kuwa masu buga layukan horo Hausarsu ta nuna, sun ga kudi sun rubuta kuɗi, sun ga kungiya sun rubuta ƙungiya, hannunsu ya gyara ba tare da sun sani ba. Da aka bi layi 1,500 ɗin ɗaya bayan ɗaya, 412 suna da ƙugiyar da ba ta cikin hoton. Abin da injin ya koya ke nan: miƙaƙƙiyar d wani lokaci ɗ ce. Sai ya koma canka.

Dokar da aka kafa daga yau: a layin horo, abin da ido ya gani ake bugawa, ba abin da kai ya sani ba. Babu ƙugiya a takarda, babu a rubutu. Ƙugiyar biro ana buga ta ƙ, ɗ, ɓ, tunda tana nan a hoton. K'asa ana barin ta k'asa. Kuskuren mai tafireta ma a bar masa kayansa. Kowane layi mutum biyu ne za su buga shi daban-daban, kwamfuta ta gwada, inda suka saɓa na uku ya duba hoton.

Wannan ya jawo shawarar fitar da kwafi biyu na kowane shafi. Na farko kwafin asali, harafi da harafi yadda takardar take. Na biyu kwafin karatu, wanda aka daidaita da ƙa'idar rubutu ta yau, shi za a dinga nema a ciki. Mayar da ƙugiyar da mai tafireta bai buga ba aikin kwafi na biyu ne, kuma ma'anar jimla ke yanke shi, ba siffar harafi ba. Kudi da kungiya da karkashin ana iya gyara su da jeri kai tsaye, don ba su da tagwaye. Fada, kasa, kara, baki, bari, saka kuwa sai mutum ya karanta jimlar.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma safiya zuwa azahar. Horo na biyu da gyararrun layuka ya kammala. A shafi 20 na ma'auni: littattafai ƙasa da 1 cikin 100, tafireta 2, sitansil 6, kabon 7. Fada ta koma fada. An lura bayan zagaye 7,000 kuskuren layukan horo na ci gaba da sauka amma na jarrabawa ya tsaya, alamar ya fara haddace layukan ne maimakon koyon haruffa. An ɗauki ajiyar da ke wajen 7,000 ɗin, ba ta ƙarshe ba.

Lambobi ne suka rage, kuma a takardun bashi su ne komai. Tsofaffin tafiretoci da yawa ba su da maɓallin 1, ƙaramar l ake bugawa a madadinsa, wasu masu bugun kuma babbar O suke sa wa sifili. Shekarar 1980 sai ta fito l98O, kuma injin bai yi ƙarya ba, abin da ke takardar ke nan. A kwafin karatu an sa ƙa'ida: l ko O da ke manne da lamba ta koma 1 ko 0. Alamar naira kuma N ake bugawa, a dawo baya, a ɗora = a kanta. Injin na ganin ta H, ko W, ko #. An yanko layi 120 masu ita aka buga su da ₦, U+20A6, aka ƙara a horon. K ta kwabo da ke bin lamba, kamar 50k, miƙaƙƙiya ce, an cire ta daga duk wani gyaran ƙugiya.

Jadawalin rabon taki ba a ba shi shafi sukutum. Layukan da aka ja da rula ana goge su, a yanka kowane ginshiƙi daban, na kuɗi a karanta shi da tessedit_char_whitelist mai lambobi da aya da waƙafi kaɗai. Sannan a tara ginshiƙin a gwada da jimillar da ke ƙasan shafin. Idan ba su haɗu ba, ko injin ya yi kuskure ko akawun wancan lokacin, kuma an samu duka biyun.

Don saurin aiki: OMP_THREAD_LIMIT=1, saitin da ke taƙaita kowane karatu ga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwar laftof, a tayar da shafi huɗu lokaci guda. Ya fi barin shafi ɗaya ya mamaye duka ƙwaƙwalwar laftof.

Talata, 18 ga Maris

Gyaran bayan karatu. Fayil ɗin tsv yana ba kowace kalma makin tabbaci daga 0 zuwa 100. Duk wadda ta gaza 80 ana shafa mata launi don mai dubawa ya fara da ita. Taimako ne, ba hujja ba: faɗan nan na watan jiya da maki sama da 90 ya fito.

Haɗe kalmomin da aka karya a ƙarshen layi ya so ya yi ɓarna. Ƙa'idar da aka fara sawa tana cire duk karan ɗori na ƙarshen layi ta manne kalmar, sai daban-daban ta zama dabandaban, kashi-kashi ta zama kashikashi. An gyara: idan abin da ke farkon sabon layi maimaicin na gaban karan ne, karan ya zauna. Irin su shuke-shuke suna bin wannan, amma tafiye-tafiye da aka karya a tsakiyar rabin farko sai ido.

Alamar ɗauri ta fito iri uku a fayilolin: miƙaƙƙiya, mai lanƙwasa, da wadda LibreOffice ke juyawa ta zama buɗe zance idan ta zo farkon kalma kamar 'yan. Mai neman ma'aikata da ɗaya ba zai samu wadda aka rubuta da ɗayar ba. An mayar da su duka miƙaƙƙiya, aka kashe gyaran kai tsaye na manhajar.

Jerin kalmomin da ake gwada rubutun da shi na daidaitacciyar Hausa ne, takardun kuwa da harshen nan aka rubuta da yawansu: munka, sunka, anka, shina, wanga, hwari, tahi. Jerin ya ja musu layi duka a matsayin kuskure, wani mai dubawa har ya mayar da anka yi zuwa aka yi a shafi tara kafin a ankara. An dawo da su. Ko a kwafin karatu ba a taɓa karin harshe, ƙugiya da lamba da rabon kalma kawai ake daidaitawa. An buɗe jeri na biyu na kalmomin Kabi da sunayen garuruwa, Augie, Gulma, Alwasa, Bunza, Kangiwa, don su daina fitowa da ja.

Litinin, 7 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Littattafai uku da bayanan taro 310 sun kammala, kwafi biyu-biyu, da PDF mai hoton asali a sama da rubutu a ɓoye a ƙasa wanda OCRmyPDF ya haɗa da kundin Hausa da aka horar, hau. Ajiya wuri uku: laftof, faifan waje, da filashi a hannun sakatare. Sitansil saura 30. A kabon an ware shafi 26 da kuskurensu ya haura 10 cikin 100. A wannan matakin bugawa daga farko ta fi gyara sauri, don haka da hannu za a buga su.

Rubutun hannu ba a ba Tesseract ba, ba don shi aka gina shi ba. An gwada wasiƙar ajami ɗaya da kundin Larabci don a gani, abin da ya fito ba ya karantuwa. Kundin ya saba da bugun maɗaba'a na gabas, wasiƙun kuwa da alƙalami aka rubuta su a salon Magariba, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama, ga wasulla cike da kowane layi. Shafi 19 ne kacal, ba su isa horar da Kraken, injin OCR da ake iya koya wa rubutun hannu, ko makamancinsa ba. Wani malami zai karanta, a buga da boko da ajami gefe da gefe. Salon haruffan Alkalami na SIL ya dace da wannan hannu, kuma tun 2016 Unicode ke da fa da ƙaf da nun na wannan salo, U+08BB zuwa U+08BD.

Na mako mai zuwa: ƙarasa sitansil, ƙara layi 300 na kabon a horo na uku, da ɗauko akwati na biyu daga Augie, wanda aka ce gara ta ci gindinsa. A zo da baƙin kwali da buroshi mai laushi.